Kamu Uku na Mahbuba

A garin Illela akwai wata yarinya mai suna Mahbuba. Tana aji shida a firamare. Kai kam akwai shi, ga ta da iya zane. Amma fa akwai zuciya! Abu kaɗan za a yi mata, sai ta kumbura baki, ta buga ƙafa a ƙasa. Kakanta, Malam Maccido, shi ya raɗa mata suna Sarkin Fushi.

Kaka yana da gonar gero a bayan ƙauyen Amarawa. Tun yana saurayi yake nomanta. Kowace shekara shi yake ɗaure damin farko da hannunsa, ya yi addu'a, sannan a ci gaba da girbi. To amma shekara biyu ke nan gwiwoyinsa sun ƙi. Ba ya iya hawa babur. Mota kuwa ba ta shiga hanyar gonar, don siririya ce, ga rairayi. Sai dai ya zauna a tsakar gida, ana kawo masa labari.

Wata rana ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce, "Ni dai bana sai na ga gerona a tsaye! Ko cikin kwando ne, ku ɗauke ni ku kai ni."

Mahbuba ta ji tausayinsa. Ta ɗauko takarda da fensir. Ta zana keke mai taya uku. A bayansa ta zana ɗan ƙaramin ɗaki, mai rufi da taga da gado. Ta kai wa babanta.

Babanta, Mukhtari, mai gyaran keke ne, kuma yana walda. Ya daɗe yana kallon takardar.

"Ke kinka zana wanga?"

"Ni ce, Baba. Kaka ya kwanta ciki, kai ka tuƙa shi. In an je gona ya kwana ciki har a gama girbi."

"Kai, madalla da ɗiyata! Amma ɗakin zai yi nauyi. Ƙafa kaɗai ba ta jan shi cikin rairayi. Sai mun sa mashi ƙaramin inji da batir. In na taka feda, inji ya taimaka mani. Mu ɗora farantin sola bisa rufi, rana ta riƙa cika batir."

Baba ya tsallaka iyaka zuwa Konni ta Nijar da 'yan kuɗin sefarsa, ya sayo inji da batir. Ya tara bututun ƙarfe, da kwanon rufi, da katako, da tsofaffin tayoyi. Rumfarsa ta bakin kasuwa ƙarama ce, kuma Kaka ya ce yana so ya ga aikin da idonsa. Don haka aka jibge komai a tsakar gida.

Saura mako uku a fara girbi.

Ran da za a fara aiki, Mahbuba ta dawo daga makaranta da gudu. Ko abinci ba ta tsaya ci ba. Ta tarar Baba ya tada janareta, ya sa baƙin tabarau.

"Baba, ba ni in riƙe abin waldar!"

"A'a. Wuta ce. Tana ɓata ido."

"To ba ni zarto in yanka ƙarfe."

"Hannunki bai kai ba. Ga aikinki." Ya miƙo mata wata 'yar sanda. "Je ki auno mani faɗin ƙofar zaure. Ta nan keken zai fita."

Wannan sanda ita ce ma'aunin Baba. Shi da kamu yake awo, yadda Kaka ya koya masa. Kamu shi ne tsawon hannu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dogon yatsa. Baba ya yanke sandar daidai kamunsa, kuma da ita yake auna komai.

Mahbuba ta fizge sandar. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Tana tafiya tana gunaguni.

"Ni na zana keken! Ni na kawo dabara! Amma aike kawai za a riƙa yi mani, kamar wata 'yar goye!"

Tana isa kusa da zaure, haushi ya ƙara turnuƙe ta. Ta ɗaga sandar, ta yi wurgi da ita. Sandar ta faɗa can bayan akurkin kaji, cikin ƙaiƙayi da tarkace.

Da farko ta so ta je ta ɗauko. Sai ta ja tsaki. "Kamu ai kamu ne. Ni ma ina da hannu."

Ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta aza gwiwar hannunta. Ɗaya. Biyu. Uku. Cif! Ta miƙe ta koma.

"Kamu uku ne," ta ce, ba ta ko dubi Baba ba.

Baba ya ɗaga tabarau. "Uku? Ashe ƙofar ta kai haka? Da sandar kinka auna?"

Nan ne fa ya kamata ta faɗi gaskiya. Ina! Fushi bai bar ta ba.

"Da ita mana! In ba a yarda da ni ba, don mi anka aike ni?"

"Yi haƙuri," in ji Baba. "Ɗiyata ba ta yi mani ƙarya. In ƙofa kamu uku ce, sai mu yi ɗaki kamu biyu da rabi. Kaka ya samu wurin juyawa. Ina sandar?"

"Na aje ta can."

Baba bai sake tambaya ba. Ya ci gaba da awo da hannunsa, tunda tsawonsu ɗaya da sandar.

Aiki ya kankama. Kullum da la'asar tsakar gida sai ƙarar zarto da tartsatsin wuta. Baba ya haɗa ƙashin ɗaki da bututun ƙarfe. Ya shimfiɗa katako, ya buga kwano, ya fasa taga. Ya sa inji a tayar gaba, ya ɓoye batir ƙarƙashin gado. Inna, mahaifiyar Mahbuba, ta ɗinka labule da 'yar katifa, ta rataya gidan sauro. Mahbuba ta huce, har ita ta shafa koren fenti. Maganar awo kuwa ta manta da ita sam.

Kaka yana zaune a tabarma yana ƙirga kwanaki. Ya sa an wanke masa tsohuwar malafarsa. Ya ɗauko igiyar ɗaurin dami, ya ajiye kusa da matashinsa.

Ranar Asabar da za a fara girbi ta zo. Tun da hantsi maƙwabta suka taru a ƙofar gida, don labarin keke mai ɗaki ya zagaya unguwa. Aka kama Kaka, aka kwantar da shi a ciki. Yana ta dariya kamar yaro.

Baba ya hau. Ya taka feda, ya murɗa makunni. Inji ya yi 'yar ƙara, keke ya tafi sumul. Tayar gaba ta shiga ƙofar zaure.

Ƙwas!

Ɗakin ya daki bango. Ƙasa ta zubo. Kaka ya yi salati.

Baba ya sauko, ya ja baya, ya sake gwadawa. Ƙwas! Aka karkata hagu. Aka karkata dama. Aka sace iskar tayoyi. A banza. Ɗakin ya fi ƙofar faɗi da yatsu huɗu.

Sai dariya ta ɓarke a waje.

"Mukhtari, ka gina ɗaki cikin ɗaki!"

"Shekara nawa kana walda, ba ka iya awo ba?"

Wani ya ce a ɗaga keken a tsallake katanga da shi. Aka gwada, nauyi ya hana. Wani ya ce, "Ku kawo gatari a fashe gefen ƙofa, shi ke nan."

Kaka ya yunƙura ya zauna. Mahbuba ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa zai fasa? Ubana ya gina wanga zaure da hannunsa! Duk wanda ya taɓa shi, ban yafe ba. Ku sauke ni! Na fasa zuwa gonar!"

Aka sauke shi. Ya cire malafarsa, ya jefar a kan tabarma. Ya shige ɗakinsa, ya saki labule.

Baba ya tsaya yana kallon keken. Gumi yana zuba a fuskarsa. Bai dubi Mahbuba ba. Ya ce a hankali, "Laifina ne. Wataƙila ni na yi kuskure wajen yanka."

Mahbuba ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta san sarai abin da ya faru. Amma maimakon ta yi magana, sai ta juya kan masu dariya.

"Ku tafi gidajenku! Mi kuke kallo? Ku kun iya ƙera ko cokali?"

"Ke, Mahbuba!" Inna ta daka mata tsawa. "Manya kike gaya wa haka? Wuce ciki!"

Ran nan ba wanda ya ci abincin kirki a gidan. Can gona aka fara girbi. Wani ne ya ɗaure damin farko.

Lahadi ta wuce haka nan. Kaka bai fito tsakar gida ba. Baba ya je rumfarsa, ya dawo da wuri, don duk wanda ya wuce sai ya tsokane shi. Mahbuba kuwa haushin kowa take ji. Ta kori kaji. Ta harari kyanwa. Ta ce tuwo ya yi tauri, miya ta yi gishiri.

Ranar Litinin a makaranta ma haka. Wata 'yar ajinsu ta ce, "Ina keken naku da ya ƙi fita?" Mahbuba ta fizge littafinta ta jefar a ƙasa.

Malama Shahida, malamar lissafi, ta gani. Da aka fita hutun tara, ta tsayar da ita.

"Mahbuba, zo nan. Yau da wa kike faɗa?"

"Da kowa, Malama."

"Kowa ya yi maki laifi?"

Mahbuba ta buɗe baki za ta yi magana. Sai hawaye. Ta kwashe labari duka ta faɗa, tun daga wurgi da sanda har zuwa ƙwas.

"Amma Malama, wallahi na auna! Kamu uku na samu. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Malama ta nuna teburinta. "Auna mani wannan."

Mahbuba ta aza hannu. "Kamu huɗu."

Malama ta naɗe hannun rigarta, ta auna. "Ni kuma uku na samu. Tebur ya canja ne?"

"A'a."

"To mi ya canja?"

Mahbuba ta dubi hannunta, ta dubi na Malama. "Hannu."

"Yauwa. Kamunki na yarinya ne, na babanki na babba ne. Shi ya sa ya ba ki sanda, don awonku ya zama ɗaya. Wannan kuskure ne, kowa yana iya yin sa. Amma da ya tambaye ki, mi kinka ce mashi?"

Mahbuba ta sunkuyar da kai. "Na ce da sandar na auna."

"Wannan fa ba kuskure ba ne."

"Ƙarya ce, Malama."

"To kin gani. Yanzu babanki yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Kakanki yana ɗaki, gero kuma ba ya jiran kowa. Yaushe za a gama girbi?"

"Asabar."

"Ashe da sauran lokaci. Amma in kin ƙara kwana biyu kina kumbure-kumbure, ya wuce."

Ana tashi, Mahbuba ta nufi gida ba ta tsaya ko'ina ba. Ta zarce bayan akurki. Ta tona ƙaiƙayi, kashin kaji ya ɓata mata hannu, ƙaya ta soke ta. Ta samo sandar. Ta je ƙofar zaure ta auna. Kamu biyu ne da ɗan ɗoriya. Ta sake aunawa. Haka dai.

Baba yana zaune kusa da keken, ya yi tagumi. Ta durƙusa a gabansa, ta ajiye sandar.

"Baba, ba kai ka yi kuskure ba. Ni ce. Na ji haushi na jefar da sandar. Da hannuna na auna. Kuma da ka tambaye ni, na yi maka ƙarya."

Baba ya miƙe tsaye. Idanunsa suka yi ja.

"Mi kinka ce?"

Ta maimaita.

"Mahbuba! Na tambaye ki! Da bakina na tambaye ki! Raina ya ba ni ƙofar ba ta kai haka ba, amma na ce ɗiyata ba ta ƙarya. Mako uku ina ƙona hannuna. An mai da ni abin dariya a unguwa. Wannan duk da sauƙi. Dubi ɗakin can! Tsoho ya yi shekara biyu yana jiran rana guda, kin hana shi don an hana ki riƙe zarto!"

Mahbuba ta fashe da kuka. Wannan karon ba ta buga ƙafa ba, ba ta mayar da magana ba.

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni kaɗai za ki ba haƙuri ba. Tashi ki je."

Ta yi sallama a ƙofar Kaka. Yana kwance, ya juya wa ƙofa baya. Ta faɗa masa komai.

Can ya ce, "Sarkin Fushi, kin ci ni da yaƙi."

"Kaka, ka yafe mani."

"Na ji haushinki, ba zan ɓoye maki ba. Damin farko ya wuce ni. Amma ni ma na yi nawa fushin, na jefar da malafa gaban mutane. Ga alama a wurina kinka gado shi. Na yafe. Je ki ce wa babanki, in keken yana gyaruwa, a gyara."

Baba bai huce nan da nan ba. Sai da ya yi sallar la'asar, ya zagaya keken sau biyu, sannan ya kira ta.

"Sai an kwance kwano da katako duka. A rage kowane ƙarfe na faɗi, a sake walda. Aikin kwana huɗu ne, in an yi sa'a." Ya miƙa mata sandar da guntun alli. "Ke za ki auna. Kamu biyu cif. Inda kinka sa alli, nan zan yanka."

Mahbuba ta zaro ido. "Ni? Bayan abin da na yi?"

"Ke. Da kin ɗauka awo ƙaramin aiki ne. Yanzu kin san ba haka ba ne."

Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Kullum tana dawowa daga makaranta sai ta ɗauki sanda. Ta auna ƙarfe, ta sa alli, ta sake aunawa. Ƙarfe goma sha biyu ne. A na tara ta ga allin ya goce kaɗan. Baba har ya ɗora zarto.

"Tsaya, Baba! Ban yi daidai ba."

Ta goge, ta sake. Ta ga Baba ya yi murmushi. Inna ta rage faɗin katifa. Kaka ya dawo tabarmarsa a tsakar gida, yana ta ba da umarnin da ba wanda ya tambaye shi.

Asabar da safe aka sake kwantar da Kaka a ciki. Maƙwabta suka sake taruwa, wasu da dariyarsu a shirye. Kafin Baba ya hau, Mahbuba ta fita ƙofar gida. Ta gaishe su, ta ce, "Ku yi haƙuri da maganar da na gaya maku. Kuma Baba ya iya awo. Ni ce na ba shi awon ƙarya."

Wani dattijo ya ce, "Allah ya yi maki albarka, yarinya."

Baba ya taka feda. Tayar gaba ta shiga. Ɗakin ya bi ta ƙofar zaure sumul, ko ƙasa bai taɓa ba. Unguwa ta ɗauki shewa da tafi.

Mahbuba ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta baya, ƙafafunta suna lilo. Suka bar gari. A kan hanya mai kyau Baba ya yi ta taka feda. Da suka shiga rairayi, keke ya fara nauyi, sai ya murɗa makunni. Inji ya kama, suka wuce. Kaka ya leƙo ta taga yana gaida duk wanda suka haɗu da shi, har da waɗanda bai sani ba.

Da suka isa, an kusa gamawa. Dammuna jere a gefen gona. Saura ɗan layi guda na gero a tsaye, can ƙarshe.

"Ku dakata!" Kaka ya ɗaga murya. "Kada wanda ya taɓa wancan!"

Baba ya tuƙa keken har gindin geron. Kaka ya miƙa hannu ta taga, ya shafa zangarniya ɗaya. Ya daɗe yana riƙe da ita. Aka yanko sauran aka tara masa a bakin ƙofa. Ya ciro igiyar da ya ajiye tun mako huɗu. Ya ɗaure dami tam. Ya yi addu'a, kowa ya shafa.

Sannan ya dubi Mahbuba. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Na farko ya wuce ni, amma na samu na ƙarshe. Da kin ƙara kwana ɗaya kina fushi, da kara kawai zan tarar."

Mahbuba ta riƙe hannunsa. "Baɗi kai za ka ɗaure na farko, Kaka, in sha Allahu."

"In sha Allahu. Amma ki riƙe sandar nan da kyau. Kada in sake jin ta bayan akurki."

Kowa ya yi dariya, har da Mahbuba.

Tun daga ranar, idan ta ji zuciya ta taso mata, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta jira ta huce. Ta gane cewa aikin da aka yi cikin fushi ba ya yin kyau, kuma babu aikin da ya yi ƙanƙanta da za a raina shi. Ta kuma gane cewa idan mutum ya yi kuskure, gara ya faɗi gaskiya da wuri, tun kafin wani ya sha wahala a kansa.